Gogamasu a kan kyasbi da makero: yadda ake shafa shi ba a ƙona fata ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyasbi a wuya da ƙirji da gadon baya, duk bazara sai ya dawo. Maƙwabciyata ta ce in samo gogamasu in murza in dirza har sai na ji raɗaɗi, wai raɗaɗin ne alamar yana cin cutar. Na yi haka a wuya kwana 3, wurin ya tashi bororo ya saɓe, yanzu ya yi baƙi. Ga kuma ɗana mai shekara 7 da makero a kai. Ganyen ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba? Zan iya shafa wa yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Ganyen ba na banza ba ne, iyaye da kakanni ba su yi ƙarya a kansa ba. Inda aka ɓatar da ke shi ne maganar raɗaɗi. Abin da ya same ki ƙuna ce irin ta sinadari, kuma ƙunar ba ta cikin maganin. Yaron kuwa kada ki shafa masa a kai, zan zo kan dalili.

Mu fara da wuyan naki, tunda shi ne a gaba. Ki dakatar da ganyen gaba ɗaya, a ko'ina a jikinki, har sai wurin ya rufe. Ki riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta sau 2 a rana, ba soso, ba sabulun salo, ki tsane shi da ƙyalle mai laushi ki shafa basilin siriri. Idan da sauran bororo kada ki fasa shi, fatar da ke kansa ita ce bandejinsa. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da lemun tsami. Ki rufe wuyan da mayafi in za ki shiga rana, domin rana ce ke ƙara dafa baƙin ya zauna. Baƙin kansa martanin fata ne: baƙar fata idan ta ji rauni sai ƙwayoyin da ke yin launi su zuba shi fiye da kima a wurin. Yakan dusashe da kansa, amma a hankali, daga 'yan watanni har shekara, in ƙunar ta yi zurfi ma ya wuce haka. Kada baƙin ya kai ki ga man bilicin, zai ƙara sirantar da fatar da ba ta gama farfaɗowa ba. In kika ga mugunya, ko ja da kumburi suna faɗaɗa, ko kaluluwa a wuya, ko zazzaɓi, to ƙwayar cuta ta shiga ciwon, sai asibiti.

Shi gogamasu, wanda Sakkwatawa da mutanen Nijar da yawa ke kira harwatsi, Yarabawa kuma irawo ile, sunansa a wurin masana tsirrai Mitracarpus hirtus, a tsofaffin littattafai Mitracarpus scaber. Dangin tafashiya ne da gauɗe da giyayya, duk da shi ɗan haki ne da ba ya wuce shekara. Tun 1916 wani likita mai suna Dalziel, da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa, ya rubuta shi a cikin magungunan ƙaiƙayi da kwarkwata. Yana son jigawa, gonakin gero da gyaɗa da saura, yana fure daga tsakiyar damina zuwa kaka. Tsayinsa daga taƙi guda zuwa kamu guda. Ganyensa biyu-biyu ne suna fuskantar juna, kusan manne da kara, da ɗan kaushi in an shafa. Furen farare ne ƙanana ƙwarai, a cure kamar maɓalli a kowace gaɓa, kewaye da karan.

Akwai ciyawar da ake yawan rikita shi da ita, nonon kurciya, domin ita ma ganyenta biyu-biyu ne kuma furenta a cure yake a gaɓa. Rabe su ba wuya: ki karya karan. Nonon kurciya za ta zubo da farin ƙaro kamar madara, gogamasu ba ya yi. Duk abin da ya fitar da farin nono ki yar da shi, wannan ƙaron ma yana cin fata kuma yana da haɗari ga ido. Sannan ki kula da inda za ki tsinko. Gogamasu abokin gabar manomi ne, shi ake yi wa feshi, saboda haka wanda ya fara yaushi ko rawaya a gefen gonar da aka fesa wa maganin ciyawa ba abin ɗorawa a fata ba ne. Haka na bakin kwata da na gefen titi.

Me ke cikinsa? An gwada ruwan ganyen a ɗakunan bincike, an ga yana hana tsiron wasu ƙwayoyin cuta dangin funfuna da yis, da kuma bakteriyar da ke sa ƙuraje su yi ruwa. A shekarar 2003 masu bincike a Jamhuriyar Benin sun buga sakamakon man shafawa da suka haɗa da shi suka shafa wa shanu masu kirci, ɓawon ciwon ya zube, gashi ya sake tsirowa. Sai dai fatar saniya daban, fatar wuyan mace daban. Daga cikin sinadaran da aka ware a ganyen akwai wanda ake kira soralen, kuma shi ne ya kamata ki riƙe sunansa. Aikinsa shi ne ya sa fata ta kasa jure hasken rana. A asibiti ana amfani da shi da gangan, a awo, tare da fitila ta musamman, don wasu cututtukan fata. A gida kuwa babu awo: mutum ya dirza ganye da hantsi ya fita tsakar gida ya yi wanki, kafin kwana biyu wurin ya tashi. Danginsa ne ke cikin ɓawon lemun tsami, shi ya sa masu shafa lemun tsami su shiga rana kan tashi da baƙaƙen zane a fata. Ki haɗa wannan da kaushin ganyen da ke kankare saman fata in an dirza, za ki gane abin da ya faru da wuyanki. Kuma ƙarfin ganye ba ɗaya ba ne: na jigawa mai fure da na inuwa mai ɗanyen ruwa ba za su yi kaifi iri ɗaya ba, shi ya sa wata za ta ce ita ta shafa lafiya lau, ke ki shafa ki ƙone.

Kafin a kai ga yadda ake shafawa, sai an tabbatar da abin da ake shafa wa. Nan ne aka fi yin ɓarna, domin duk wani fari-fari ko zagaye a fata mutane egzima suke ce masa.

Kyasbi na gaskiya ɗigo-ɗigo ne masu haske, wani lokaci masu duhu, a ƙirji da baya da wuya da kafaɗa, suna haɗewa su yi faɗi kamar taswira. Ƙaiƙayinsa kaɗan ne, sai an yi gumi. Gwajinsa a hannunki yake: ki ja fatar wurin da yatsu biyu, ko ki ɗan kankara da farce, za ki ga gari-gari mai laushi kamar dusa ya tashi. Mai haddasa shi wani yis ne, Malassezia, wanda yake zaune a fatar kowa, mai kyasbi da marar kyasbi. Zafi da gumi da maiƙo ne ke sa shi ya yi yawa. Don haka kyasbi ba ƙazanta ba ce, kuma ba abin da za a tsangwami mutum a kan tawul ko zane ba ne. Makero na jiki kuwa zagaye ne kamar zobe, bakinsa a tashe da ƙananan ƙuraje, tsakiyarsa tana washewa, yana ƙaiƙayi sosai, kuma shi kam ana ɗauka, daga mutum ko kyanwa ko ɗan maraƙi. Waɗannan biyun ne kawai gogamasu ke da abin cewa a kansu, su ma in ba su yi yawa ba.

Sauran duk ki kau da ganyen. Egzima ta ainihi, mai bushewa da tsananin ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa, ba funfuna ba ce, fata ce mai saurin fushi, gogamasu wuta zai ƙara mata. Fari-farin da ke fitowa a kumatun yara da hunturu bushewa ce, basilin ya ishe shi. Ƙazuwa, mai hana barci da dare, mai kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya, ƙwaro ne ke haƙa rami a fata, maganinta sai an shafe jiki daga wuya zuwa tafin ƙafa, kuma duk gidan a rana ɗaya. Farin da ya yi fat kamar nono, sumul ba gari, launi ne ya ɗauke, aikin likitan fata ne. Na ƙarshen shi ne wanda ba na so kowa ya yi wasa da shi: tabo mai haske ko ja-ja, ba ƙaiƙayi, ba gari, ba ya gumi. A sa mutum ya rufe ido a taɓa wurin da silin auduga. In bai ji ba alhali yana ji a gefensa, ana zargin kuturta. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12, ana samunsa ta shirin tarin fuka da kuturta na gwamnati, wanda cibiyar horaswarsa ke Saye a Zariya, kuma in an fara da wuri ba a rasa yatsa ko ɗaya. Mai irin wannan tabon ba ya jin raɗaɗin ganye, sai ya yi ta dirza har ya yi gyambo, watanni suna wucewa.

To, in kyasbi ne, kuma wuyan ya warke sarai, ga yadda nake ba da shawara a yi. Ma'aunin na taka-tsantsan ne, gara a fara da rauni a ƙara.

Ki tsinko ɗanyen ganye cikin tafin hannu guda, kamar 20 zuwa 30, ban da saiwa. Ki wanke shi sau 2 ki kakkaɓe ƙasa. Ki daka a turmi mai tsabta, ba wanda aka daka barkono ko daddawa ba, ki zuba ruwan da aka tafasa ya huce cokalin cin abinci 3, ki cakuɗa ki tace da ƙyalle. Ruwan za ki yi aiki da shi, tukar ki zubar. Amfanin tacewar shi ne raba sinadarin da kaushin ganyen. Ranar farko gwaji ce kawai: ki ɗiga a cikin damtse, inda fata ke da laushi kuma riga ke rufewa, faɗin murfin kwalba, ki bari minti 10 ki wanke. Ki jira kwana 2 cur, domin ƙunar irin wannan ganye ba ta nuna kanta nan take. In wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya yi ƙaiƙayi, fatarki ba ta karɓe shi ba, magana ta ƙare. Ke da kika riga kika ƙone sau ɗaya, wannan gwajin wajibi ne a kanki.

In lafiya lau, sai ki zaɓi wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba, a baya ko kafaɗa. Bayan magariba, ki yi wanka ki tsane jiki, ki tsoma auduga a ruwan ki dangwala a wurin, dangwalawa ba gogawa ba. Minti 10 zuwa 15, sai ki wanke da ruwa da sabulu marar kaifi. Sau 1 a rana. Kada ki ɗaure wurin da leda ko bandeji, kada ki kwana da shi, rufewa na ninka ƙarfinsa. Washegari riga ta rufe wurin. Ɗan tsikari kaɗan da ke wucewa ba komai, amma da zarar ya koma raɗaɗi ki wanke a take, kada ki jira mintocin su cika. Kowace rana sabo za ki daka, wanda ya kwana ya fara lalacewa. Ki yi kwana 7 ki tsaya ki duba da gwajin farce. In garin ya ragu kuma fata lafiya, kina iya ƙara kwana 7. In kwana 14 suka cika gari na nan, ganyen ya gaza a kanki, ƙara kauri ko ƙara lokaci ƙuna kawai zai ƙara.

Akwai hanya mafi sanyi ga mai faɗin kyasbi: ganye cikin tafi 2 a ruwa lita 1, a tafasa minti 10, a sauke ya huce, a tace, a shafe bayan da shi da yamma, a ɗauraye bayan kwata na awa. Shi ma sai an yi gwajin damtse.

Kada a haɗa shi da komai. Masu ƙara kanwa, ko tafarnuwa, ko toka, har da masu zuba man birki ko ruwan batir, suna ƙona fata ne kawai, in ɓawo ya faɗi sai su ce cuta ta fita. Ba a shafa shi a fuska, ko kusa da ido, ko hammata, ko matsematsi, ko ƙarƙashin nono, fatar waɗannan wurare siririya ce kuma a rufe take. Ba a sa wa jariri da ƙaramin yaro. Ba a sa shi a kan ciwo buɗaɗɗe, ko ƙafar mai ciwon suga. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura da shi. Kuma ba a sha don kyasbi, cutar a saman fata take, ba a cikin jini ba kamar yadda ake yawan faɗa.

Yanzu ga abin da ya fi jawo ƙuna, ya fi ma maganar raɗaɗi: farin ba ya tafiya ranar da cutar ta mutu. Yis ɗin yana fitar da wani sinadari da ke dakatar da yin launi a inda ya zauna. Ko an kashe shi yau, fatar na buƙatar makonni, sau da yawa watanni 2 ko 3, kafin launinta ya dawo daidai. Mutum ya duba madubi ya ga farin na nan, sai ya ce magani bai ci ba, ya ƙara dirzawa a kan fatar da ta riga ta warke. Ma'auni shi ne gari. In kin kankara ba abin da ya tashi, kin gama, sauran aikin na lokaci ne.

Dawowarsa duk bazara ma yana da dalili, tunda mai haddasa shi ba baƙo ba ne a jiki. Wannan yis ba ya iya ƙera wa kansa kitse, a maiƙon fata yake ci. Man kaɗanya da man gyaɗa da man zaitun, duk da kyansu ga busasshiyar fata, abinci ne gare shi in an lafta su a ƙirji da baya lokacin zafi. Basilin ba ya ciyuwa gare shi, sai dai shi ma in ya yi kauri yana riƙe gumi. Ki rage mai a waɗannan wurare daga Maris zuwa ƙarshen damina, ki fi sa kayan auduga, ki cire rigar da ta jiƙe da gumi. Mai shafa man bilicin kuwa kyasbi da makero ba sa rabuwa da ita, saboda da yawa daga cikin irin waɗannan mayukan na ɗauke da sitiroyid, wani sinadari mai raunana garkuwar fata.

Gaskiyar da zan faɗa miki a matsayin shawara: kyasbin da ya kama wuya da ƙirji da baya gaba ɗaya ya fi ƙarfin dangwala ganye. Abin da ke kemis ya fi sauƙi kuma awonsa sananne ne. Shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, a shafa a jiƙaƙƙen jiki daga wuya zuwa ƙugu, a bari minti 5 a wanke, kullum har kwana 5. Ko mai selenium sulfide kashi 2.5, minti 10 kullum har kwana 7. In wurin kaɗan ne, ko makero ne na jiki, man clotrimazole safe da yamma mako 2 zuwa 4, a zarce bakin zoben da faɗin yatsa. Don hana dawowa, a maimaita wankan shamfun sau 1 ko 2 a wata a lokacin zafi. Ki karanta jikin kwalin da kanki: in kin ga betamethasone ko clobetasol, wato sitiroyid, a cikin haɗin, irin mayukan nan da ake cewa suna maganin komai, ki ajiye. Suna kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana 2, cutar kuma tana yaɗuwa a ƙarƙashi. Gogamasu ya fi dacewa da wanda ke nesa da kemis, da ɗan tabo ɗaya ko biyu, a damina da ganyen ke ɗanye. Wanda kuma makero ya game masa jiki, ko yake warkewa yana dawowa ba dalili, ya auna suga da ƙanjamau.

Sai yaron. Makero na kai, wanda wasu ke kira ƙora, ya bambanta da na jiki ta wuri ɗaya mai muhimmanci: funfunar tana shiga cikin silin gashi ne, ta bi shi har gindinsa a cikin fata. Shi ya sa gashin ke karyewa ya bar fili mai toka-toka. Duk abin da aka shafa a sama, ganye ne ko man kemis, ba ya kaiwa can. Zai iya share garin na 'yan kwanaki, gindin na nan. In kuma ganyen ya ƙona fatar kan, tabon da zai bari gashi ba ya sake tsirowa a kansa, ga haɗarin ruwan ya gangaro ido. Maganinsa na sha ne, griseofulvin na mako 6 zuwa 8, ko terbinafine wajen mako 4, kuma da nauyin yaro ake auna shi, don haka ki kai shi asibiti a ɗora shi a sikeli maimakon a yanko miki a kemis. Griseofulvin ya fi shiga jiki in an sha shi bayan abinci mai maiƙo, ko da kofin madara ne ko kunun gyaɗa. Za ki ga kan ya yi kyau tun a mako na 3, kada ki tsaya, a nan ne yawanci ake yankewa ya dawo. Ki haɗa masa da wankin kai da shamfun ketoconazole sau 2 a mako don rage yaɗa wa 'yan'uwansa.

In wurin ya kumbura ya yi taushi yana tsatstsafo da ruwa kamar maruru, kada a kai shi wurin wanzami a tsaga. Jiki ne ke faɗa da funfunar, maganin sha ɗin ne zai kwantar da shi, amma yana son a hanzarta don kada ya bar sanƙo.

Ki duba kan sauran yaran gidan a rana tsaka, da na abokan kwanansa in yana makarantar kwana ko ta allo. Hularsa da matashin kansa da tawul a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, matajinsa ya zama nasa shi kaɗai. In da hali a saya masa kilifa ko aska tasa, in babu a tabbata mai aski ya wanke kan injin ya jiƙa shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya ɗora masa da bayan ya gama. Kyanwa ko ɗan akuya mai zubar gashi zagaye-zagaye a gidan, a nuna wa malamin dabbobi. Da ya fara shan magani zai iya ci gaba da zuwa makaranta.